Wa zai koya wa yaran baƙaƙen Amurka kwamfuta?

A Fabrairun 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta soke tallafin horar da malamai na sama da dala miliyan 600, wai shirye-shiryen na cusa aƙidar raba kan jama'a. A Afrilu Kotun Ƙoli ta ƙyale gwamnatin Trump ta ci gaba. Masu tafi suna ta cewa yanzu an daidaita kowa. Daidaita wa da wa?

Baƙaƙe su ne kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati, malamai baƙaƙe kuwa ba su wuce kashi 7 ba. Giɓin nan ba daga sama ya faɗo ba. Bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, makarantun baƙaƙe aka yi ta rufewa, malamansu dubbai aka sallama.

A darasin kwamfuta abin ya fi muni. A 2013, a jihohi 11 ko ɗalibi baƙar fata ɗaya bai zauna jarrabawar AP (ta darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) ta kimiyyar kwamfuta ba, har da Misisifi, inda fiye da kashi ɗaya cikin uku na jama'a baƙaƙe ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya iya rubuta manhaja, kamfani zai biya shi abin da makarantar unguwar talakawa, mai dogaro da harajin gidaje, ba za ta ko taya ba. Sai shugaban makaranta ya kamo malamin lissafi, a tura shi bita ta 'yan kwanaki, ya dawo yana karanta da dare abin da zai koyar da safe.

Cikin abin da aka soke akwai tsarin da ke biyan sabon malami alawus ya shekara a aji yana koyo, sannan ya zauna shekara uku a makarantar mabuƙata. Wannan ne "raba kan jama'ar"? Bincike a Karolina ta Arewa ya nuna yaro namiji baƙi ɗan talaka da ya samu malami baƙi a firamare, yiwuwar barinsa sakandare na raguwa da kashi 39 cikin ɗari. Masu soke kuɗin sun san da haka. Ba su damu ba ne.

Masu cewa a raba kwamfutoci, ƙirƙirarriyar basira za ta koyar, su fara gwadawa da 'ya'yansu.

Jihohi su maye gurbin kuɗin, su ba jami'o'in baƙaƙe irin su Howard da Tuskegee, su kuma ƙara wa malamin kwamfuta albashin da zai hana shi tserewa.