Mai tireloli ya tafi, ku ji abin da direbobinsa ke faɗa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan uwa, Allah Ya karɓi ran wani dattijo da na daɗe da sani, mai kamfanin manyan motocin dakon kaya. Ba zan kama suna ba, don ko yana raye ba ya son a riƙa yayata shi. Da tsohuwar mota guda ɗaya ya fara, shi ne direba shi ne bakanike, in ta lalace a daji a ƙarƙashinta yake kwana har a samu kayan gyara, a haka Allah Ya buɗa masa har ya zama sai an duba littafi kafin a san wace mota ce ke wace hanya.

To ni ba yawan tirelolin ne ya sa nake rubutun nan ba. Bakin direbobinsa da yaran mota na saurara, kuma wallahi duk wanda ya san harkar nan ya san samun shaidar direba ba ƙaramin abu ba ne. A Bukhari da Muslim, Anas ya ruwaito cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta da alheri, Annabi (SAW) ya ce ta wajaba, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri ya ce ta wajaba, da Umar ya tambaya sai ya ce wancan Aljanna ta wajaba gare shi, wannan kuma wuta, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Abokan kasuwa da manyan gari kowa zai zo ya ce mutumin kirki ne, wannan an saba. Amma wanda ka riƙe wa albashi, wanda ka tura hanya da tsakar dare, shi ya san ko kai waye.

Ita wannan sana'a ƙofofin zalunci a cikinta sun yi yawa, kuma galibi ba mai gani. A ba direba kuɗin hanya da man dizal a ƙididdige kamar ba mutum ne zai ci abinci ba, taya ta fashe a ce a cire a albashinsa alhali kowa ya ga tayar ta suɗe tun kafin ya tashi, a labta wa mota obalodi don a ci riba biyu a tafiya ɗaya, direba ya ce birki na wasa a ce lallaɓa ka je ka dawo tukuna, a kira shi a waya ana masa ihu lallai gobe da safe kaya su sauka, shi kuma bai runtsa ba, daga nan sai ya koma haɗiyar ƙwaya don ya kori bacci. In tirela mai lodi ta ƙwace a gangare ba mutum ɗaya take ɗauka ba, kuma kar maigida ya ɗauka don yana kwance a gida lokacin to babu hannunsa a jinin. Mu ji tsoron Allah.

Shi marigayin, abin da suke ta maimaitawa a kansa ƙananan abubuwa ne. Kafin mota ta bar gareji da kansa yake zagaya ta, yana bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa a taka birki yana sauraron iska. Kullum maganarsa, in bacci ya zo ka samu wuri ka faka, kaya su makara, ni zan ba mai kaya haƙuri. In aka buga masa waya an yi hatsari, tambayarsa ta farko kai lafiyarka ƙalau? yaronka fa? sai can daga baya ake zancen kan mota da bodi. Albashi kuwa ba ya kwana. Ya san hadisin Ibn Majah na a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, ya kuma san wanda ya fi shi tsoratarwa a Bukhari, inda Allah da kanSa Yake cewa Shi ne abokin husumar mutum uku ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Wa zai iya shari'a da Allah?

Kayan mutane ma amana ce, ba a rage buhu a ce ya faɗi a hanya, ba a tsiyayi mai a tanka a cike da wani abu ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya kai dukiyar Nana Khadija Sham kafin annabci, kuma amanarsa ce ta sa ta nemi aurensa.

Sai gida. Nan fa da yawanmu muke faɗuwa, a waje Alhaji mai fara'a mai kyauta, a gida kuwa zaki, da an ji ƙarar motarsa kowa ya nutsu. Harkar mota tana cinye lokaci, waya ba ta daina ƙara, yara su girma uba bai san ajinsu nawa ba. Shi bawan Allahn nan 'ya'yansa sun ce in ya shigo ajiye wayar yake ya zauna a cikinsu, ya ji karatun kowa, asuba kuma shi ke bi ɗaki ɗaki yana tashinsu. Annabi (SAW) ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa, Tirmizi ya ruwaito daga Nana A'isha. Ba na yanke masa Aljanna ba, ɗan Adam ne yana da nasa kurakuran, zato muke kyautata masa, hisabi na Allah ne.

Ku kuma magada, dan Allah ga roƙona. Kafin kowa ya fara lissafin wace tirela ce tasa, a buɗe littafi a duba bashi. A Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12 Allah Ya maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi, kuma ya zo a Tirmizi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. A kira direbobi ɗaya ɗaya a tambaye su, da bakanike da mai faci da mai sayar da kayan gyara da ɗan kamasho, wani zai ji nauyin faɗa saboda kunyar marigayi, ku ku bi shi. A duba ko akwai zakkar da ba a fitar ba. Sannan kar babban ɗa ya zauna a kan makullai ya ce ai kamfani ba ya rabuwa, shekaru su yi ta tafiya mata da ƙanana suna kallo. In akwai 'ya'ya matar mamaci tumuni take da shi, wato kashi 1 cikin 8, 'ya'ya mata ma Allah ne Ya yanka musu rabonsu. In kun ga ci gaba da kamfanin tare ya fi, to a yi wa motoci kuɗi, kowa ya san kasonsa a rubuce da shaidu, wanda ya ce a ba shi nasa a ba shi ba tare da gaba ba. Tsofaffin direbobin da suka ƙarar da ƙarfinsu a sitiyarin babanku kuma kar ku watsar da su.

Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba iyalansa haƙuri, waɗanda ke kan hanya a daren nan Allah Ya sauke su lafiya.