Yajin aikin malaman firamare a Abuja: yaran talakawa ne suka biya bashin

A ranar 24 ga Maris, 2025, malaman makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya suka ajiye alli, ba su kuma koma aji ba sai a watan Yuli. Abin da suke nema bai fi ƙarfin hukuma ba: a fara biyansu bisa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda ya zama doka tun watan Yulin 2024, a kuma biya su bashin da suke bin ƙananan hukumomi shida na yankin, wato AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. A ganina gaskiya tana wajen malaman, domin wanda ya yi aiki ya nemi hakkinsa bai yi laifi ba. Damuwata ita ce, bulalar da suka ɗaga ba a jikin mai laifin ta sauka ba.

Yajin aiki yana tasiri ne idan wanda ake yi dominsa ya ji zafi a jikinsa. Da wuya a samu ɗan babban jami'i a makarantar firamare ta gwamnati, saboda haka an rufe makarantun fiye da wata uku ba tare da karatun gidajen masu yanke hukunci ya tsaya ko na yini ɗaya ba. Waɗanda suka ji jiki su ne 'ya'yan lebura da mai gadi da manomi da mai sayar da abinci a bakin tasha. Uwar da ta saba fita sana'a da zarar yara sun tafi makaranta sai ta zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ta zauna a gida ta rasa cinikin ranar, ko ta ɗora wa yarinya faranti ta tafi talla. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin gidan da ya ɗanɗana kuɗin da yaro ke shigowa da shi, a wannan zamani na tsadar abinci, ba lallai ne ya mayar da shi aji ranar da aka janye yajin ba.

Asarar karatun ma ba ɗaya take ga kowa ba. Ɗan aji ɗaya da ya fara haɗa baƙi da wasali zai iya komawa kamar bai taɓa riƙe fensir ba, ɗan aji shida kuwa ya tunkari jarrabawar shiga sakandare tare da 'yan makarantun kuɗi da ba su rasa darasi ko ɗaya ba. Ƙarshen zango na biyu da mafi yawan zango na uku sun salwanta, kuma kalandar karatu ba ta jiran kowa.

Malamin shi ma ba hutu ya yi ba. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ga bashin mai shago, ga kuɗin haya, dole ya nemi wata hanya, ko gona ko acaɓa ko koyarwa a gidajen masu hali, kuma wanda ya samu abin da ya fi koyarwa rufin asiri yakan dawo aji da rabin zuciya, idan ma ya dawo.

Tushen matsalar yana cikin tsarin biyan albashin. Malaman firamare suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi ne, inda albashinsu ke gogayya da kwangiloli da hidimar siyasa, shi ya sa rikicin bai taso daga malaman sakandare ba, waɗanda hukumar birnin ke biya. Yadda aka kashe wutar ya tabbatar da haka: sai da ministan birnin, Nyesom Wike, ya shiga tsakani aka amince a riƙe kason ƙananan hukumomin na kuɗin shiga domin rage bashin. Matakin da aka iya ɗauka a Yuli, me ya hana a ɗauke shi a Maris?

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa maganar ta shafi ƙasa baki ɗaya. Ya kamata doka ta tanadi cire albashin malaman firamare tun daga tushe, kafin ragowar kuɗin ya isa hannun ciyaman. Ita kuma ƙungiyar malamai, NUT, duk lokacin da za ta sa hannu a yarjejeniyar janye yajin aiki, ta tsaya a rubuta yadda za a rama darussan da suka wuce, a kuma sa shugabannin makarantu su bi rajista, su je gidajen yaran da ba su dawo ba.