Algus a man shanu: doka ta tsaya a bakin kanti

Duk wanda yake sayen man shanu a Agege ko Mile 12 da ke Legas ya san cewa ba kowace kwalba ce take ɗauke da abin da ake kiranta da shi ba. Ana narka kitse ko bota mai araha ta gwangwani, a zuba ɗan man shanu na gaske domin ƙamshi, a ƙara launi, sannan a ɗura a kwalba a kai kasuwa. Ma'aunin ingancin abinci na duniya, wato Codex, ya ce man shanu sai ya ƙunshi aƙalla kashi 80 cikin ɗari na maiƙon madara, kuma ruwansa kada ya wuce kashi 16.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1993 aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma dokar 1999 kan jabun magunguna da gurɓataccen abinci ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba. Wannan tara, a darajar naira ta yau, ba za ta hana babban ɗan sari barci ba, don haka ya kamata Majalisar Tarayya ta sake duba ta.

Sai dai babban giɓin yana wani wuri. Tsarin NAFDAC ya fi ƙarfi a kan kayan da ke da lambar rajista da adireshin kamfani, alhali man shanun da ke zuwa Legas daga Arewa a jarkoki yake zuwa, ba suna, ba ranar lalacewa, kuma kafin ya isa kan tuwo ya ratsa hannuwa da dama. Idan aka gano algus, wa za a tuhuma? Abin da ya fi sauƙi shi ne a kama matar da ke talla a bakin titi, wadda sau da yawa ita ma sarowa ta yi.

A ganina, binciken ya kamata ya koma inda ake narkawa da ɗurawa. Hukumar tana da ɗakin gwaji a Oshodi. Ta riƙa ɗiban samfuri daga rumbunan 'yan sari lokaci zuwa lokaci, tare da duba-gari na ƙananan hukumomi, ta kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanni sun san masu kawo kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma za su iya buɗe rajistar da za ta nuna wanda ya kawo kowace jarka da garin da ta fito.