Mun dawo daga Paris hannu rabbana

Rahoton nan na cewa Najeriya ba ta samo lambar yabo ko ɗaya ba a gasar Olamfik ta Paris 2024 bai ba ni mamaki ba, haka aka yi a Landan 2012. 'Yan wasa 88 fa muka tura Paris! A Olamfik ta Tokyo 2020 aƙalla Blessing Oborududu ta ciyo azurfa a kokawa, Ese Brume ta samu tagulla a dogon tsalle. Wannan karon ko sunan Favour Ofili ba a saka a gudun mita 100 ba, wai an manta. Sai ga masu nakasa sun je Paris ɗin sun kwaso lambobi 7, biyu na zinare. Mu nan Kaduna, yaran da ke gudu a Murtala Square da asuba, wa ke zuwa duba su?