Ɗan majalisar jiha: muna ƙirga kekunan ɗinki, ba ma tambayar dokoki

Duba shafin Facebook na kusan kowane ɗan majalisar dokokin jiha ka ga abin da yaransa suke ɗorawa. Onorabul ya raba wa mata kekunan ɗinki. Onorabul ya gyara famfon tuƙa-tuƙa, ya biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar NECO, ya je ta'aziyya. A ƙasa kuma mabiya na ta zuba "Allah ya maimaita mana". Da wuya ka ci karo da inda aka rubuta cewa ga ƙudirin da za a yi wa karatu na biyu makon gobe, ga abin da ya ƙunsa, me 'yan mazaɓa suka gani?

Ba raina alheri nake yi ba. Matar da ta samu keken ɗinki ta samu abin rufin asiri. Sai dai wannan aiki ne da kowane mai hali zai iya yi, ɗan kasuwa ne ko gidauniya. Abin da babu mai iya yi sai ɗan majalisa shi ne zama a zauren majalisa ya ce e ko a'a da sunan dubban mutane. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Shi ya sa Kano take da 40, Zamfara 24. Waɗannan 'yan tsirarun ne suke amincewa da kasafin kuɗin jiha, su tantance kwamishinoni, kuma sashe na 128 ya ba su ikon bincikar yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin da aka ware musu. Idan gwamna ya ƙi sa hannu a ƙudiri cikin kwana 30, kashi biyu bisa uku nasu na iya mayar da shi doka ko yana so ko ba ya so. Ko Majalisar Tarayya ba ta isa ta taɓa kundin tsarin mulki ba sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda.

To, ya ake amfani da wannan iko? Kano ta ishe mu misali. A watan Mayun 2019 majalisar jihar ta zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu. A Nuwamba kotu ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba, a Disamba aka sake yin wata. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta rushe dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: mutum biyu kowanne na cewa shi ne Sarkin Kano, shari'a daga wannan kotu zuwa waccan. Ban zo in ce ga ɓangaren da ke da gaskiya ba. Tambayata ɗaya ce, kuma ta hau kan duka biyun: a irin wannan gaggawa, yaushe ɗan majalisar Rano ko na Bichi ya samu sukunin komawa gida ya tara mutanensa ya ji ta bakinsu? Dokar da ta shafi tarihi da martabar miliyoyin mutane ta wuce da sauri fiye da yadda ake amincewa da gyaran kwalbati.

Wani zai ce ai saurin ma yakan yi rana, ya kawo Zamfara, inda a Nuwamban 2019 majalisa ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni, jama'a suka yi ta tafi. Haka ne. Amma wace majalisa ce ta yi dokar tun farko?

Abin da ya fi damuna shi ne ikon majalisun ƙaruwa yake yi, hankalinmu kuwa bai koma kansu ba. Gyaran kundin tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023 ya ba jihohi damar yin dokoki kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. A 2024 jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo suka karɓi ragamar kula da kasuwar wutarsu daga NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar wutar lantarki. Ma'ana, yadda za a samar da wuta da yadda za a caji mai injin niƙa ko mai walda na iya komawa hannun dokar da waɗancan mutum 24 ko 40 za su rubuta. Masu walda nawa ne aka kira aka tambaya?

Dalilin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Tikitin takara yawanci daga gidan gwamnati yake fitowa, kuɗin gudanar da majalisa ma haka aka daɗe ana yi. A 2010 majalisun jihohi da kansu suka kāsa ba da ƙuri'un da ake buƙata don a ba su 'yancin cin gashin kai ta fuskar kuɗi, alhali sun amince wa Majalisar Tarayya nata. Sai a 2018 gyaran ya samu shiga. Da Buhari ya fitar da umarni mai lamba 10 a 2020 don tilasta aiwatarwa, gwamnoni suka garzaya Kotun Ƙoli, ta kuma soke umarnin a 2022. Wanda ake ba shi a baki ba ya ɗaga murya, shi ya sa sunan 'yan amshin shata ya bi su.

Amma mu ma da namu. Tun da asuba ƙofar gidan Onorabul ta cika: wannan da takardar asibiti, wancan da kuɗin makaranta, wani matarsa ta haihu. Albashi ba zai ɗauki wannan ba, don haka sai ya nemi kwangila ko aikin mazaɓa daga ɓangaren zartarwa. Kwamishinan da ya sa masa hannu yau, shi zai zauna a gaban kwamitinsa gobe don kare kasafi. Da wane ido zai tsare shi da tambaya? Wanda ya gaji kuma sai ya tare a babban birnin jiha ya sauya lambar waya, mu ce ya yi girman kai.

Cuɗanya da jama'a ta gaskiya ba ta da tsada. Idan gwamna ya gabatar da kasafi, ɗan majalisa ya ciro shafukan da suka shafi mazaɓarsa, ya zo makarantar firamare ya karanta su da Hausa: ga abin da aka ware wa asibitin nan bara, ga abin da aka saki, ga na bana. Ma'aikacin jinyar da ya san babu magani a kanta ya tashi ya faɗa a gaban kowa. Rahoton Odita Janar na jiha, wanda sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa, a faɗa mana me kwamitin asusun gwamnati ya yi da shi. Majalisu kuma su rage fakewa da ƙuri'ar murya a kan manyan dokoki, a rubuta sunan kowa da ɓangaren da ya zaɓa.

Kiranye dai yana nan a sashe na 110, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama, kuma har yau ba a taɓa cire kowa ta wannan hanya ba. Saura gidajen rediyo, waɗanda 'yan siyasa ke sayen fili a cikinsu kullum dare. Duk ɗan majalisar da ya shigo zai lissafa rijiyoyi, mai gabatarwa ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi ƙudiri nawa ya kawo, da wace rana ya taɓa saɓa wa gwamna a zaure.