Motar Da Ta Koyi Ladabi

Ɗan Gayu: Oga, ina so ka sauke min Hondar nan.

Bakanike: Ka ce a ɗaga dai. Duk mai 'yar Kwatano a Kano ɗagawa yake yi saboda ramuka.

Ɗan Gayu: Saukewa na ce. Irin ta samarin Japan da nake gani a TikTok, taya ta ɓuya cikin jiki.

Bakanike: Su titinsu kamar faranti yake. To, akwai gajerun sifirin da kamfani ya ƙera don haka, har da shokobarsu. Kuɗinsu kuwa...

Ɗan Gayu: A yi na talaka.

Bakanike: Na talaka shi ne a datse zagaye biyu a kowane sifirin.

Yaron gareji: Oga, in kunna gas?

Bakanike: Kai, sakarai! Wuta kashe ƙarfen take yi, ya saki, mota ta karkace. Ɗauko injin yanka. Amma ka ji ni, samari: sifirin da aka datse tauri yake ƙarawa, shokoba ta rasa wurin motsi, duk ramin da ka faɗa a ƙugunka za ka ji shi. Taya kuma ta riƙa cin gefe ɗaya.

Ɗan Gayu: Datse uku.

(Da la'asar sai ga shi a adaidaita sahu, rungume da salansa.)

Bakanike: Ina sauran motar?

Ɗan Gayu: Tana kan tudun rage gudu na bakin makaranta. Gaba ya haye, baya ya ƙi. Baƙin mai na bin kwata.

Yaron gareji: Oga, ga wani Alhaji nan tafe da sanda.

Alhaji: Wane ne ya taɓa min mota? Wanki kawai na aiki yaron nan!

Bakanike: Au, ba taka ba ce, samari?

Ɗan Gayu: Baba, yayi ne.

Alhaji: Yayi? Na bar ta a tsaye, na tarar da ita a durƙushe tsakiyar titi!

Bakanike: Ranka ya daɗe, gaishe ka take yi.

Alhaji: To ta miƙe, na amsa.

Bakanike: Miƙewar sai an je Ƙofar Ruwa an sayo sifirin huɗu. Abin da aka yanke ba ya tsirowa.

Alhaji: Nawa?

Bakanike: Zauna tukuna, Alhaji. Yaro, kawo masa benci, amma ba wanda ka rage wa ƙafa ba.