Kafin kofin Kigali, Rena Wakama ta daɗe a gefen benci

A watan Agustan 2023, da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, ta doke Senegal da ci 84 da 74 a Kigali ta ɗauki kofin Afirka, 'yan gida suka yi ta tambayar daga ina wannan koci ta ɓullo. Shekarunta 31 a lokacin, kuma kimanin wata guda kafin gasar aka damƙa mata ƙungiyar. Wasu suka ce sa'a ce ta faɗo mata. Mu da muke zaune a Amurka, muna leƙa wasannin ƙwallon kwando na jami'o'i, mun san ba haka zancen yake ba, domin muna ganin irin aikin da ta fito daga cikinsa.

An haifi Rena Wakama a Raleigh da ke Karolina ta Arewa, iyayenta kuma 'yan jihar Ribas ne. Ta buga wa jami'ar Western Carolina shekara huɗu, ta zo gida ta sa rigar Najeriya na ɗan lokaci. Ba ta yi sunan da za a ce duniya ta santa da wasa ba. Da ta ajiye ƙwallo sai ta shiga kwalejin Manhattan a Niyok, kuma ba a matsayin koci ta fara ba. An ba ta kula da harkokin ƙungiya ne: motar tafiya, masauki, abincin 'yan wasa, jadawalin atisaye. Sai daga baya aka ɗaga ta zuwa mataimakiyar koci. Tana mataimakiya a jami'ar Stony Brook Najeriya ta kira ta.

Wanda bai gani da idonsa ba zai ɗauka mataimaki ɗan rakiya ne. A wata ƙaramar jami'a kusa da inda nake, kujeruna suna bayan bencin ƙungiya, kuma nakan fi zuba wa mataimakiyar ido fiye da filin. Takarda na kan cinyarta, tana ƙirga laifin kowace 'yar wasa. Da an nemi hutun daƙiƙu, kafin babbar koci ta buɗe baki, ta riga ta raɗa mata cewa mai lamba kaza laifinta uku, kuma abokan hamayya sun koma tsaron yanki. Wannan raɗar ta daƙiƙa biyar, dare ta raba tana yanka bidiyon wasannin abokan karawar kafin ta same ta. Ita ce mai bin makarantun sakandare neman sababbin yara, ita ce mai zama a falon iyaye ta lallashe su su ba da 'yarsu, ita ce mai bincikar wadda ta tsallake aji. Daga Nuwamba zuwa Maris wasa kusan 30 suke bugawa, kowanne da shirinsa. Mutum ya yi shekara shida a haka, ai ko bai so ba ya ƙware.

Ban ce aikin aljannar duniya ba ne. A ƙananan jami'o'i albashin bai taka kara ya karya ba, kuma ranar da aka sallami babban koci, yawanci mataimaka ma sai su tattara komatsansu. Ita kanta Rena cikin 'yan shekaru ta tashi daga Manhattan zuwa Stony Brook, zuwa jami'ar Tulane, zuwa ƙungiyar ƙwararrun mata ta Chicago Sky. Amma dai aiki ne mai suna, mai albashi a ƙarshen wata, mai matakin da ake hawa.

A nan ne abin yake ci mini rai idan na tuna gida. Muna da gasar jami'o'i ta NUGA, amma ta 'yan kwanaki ce, a taru a watse. Koci ɗaya ne ke ɗauke da komai, shi ne mai horaswa, shi ne mai neman kuɗin mota, wani lokacin shi ne mai sayen ƙwallo daga aljihunsa. Tsohon ɗan wasan da ke taya shi, sunansa yaron koci, ladansa a gode masa. Da aure ya zo, ko ciyar da gida ta matsa, sai ya kama kasuwa, duk abin da ya sani ya tafi da shi. Alhali ko a shagon tela mun san yaro yakan fara da guga da sa maɓalli, ana ba shi na sabulu, har ranar da za a yaye shi da kekensa. Me ya sa a filin wasa muka kasa yin haka?

Kuma ba wai ba mu san daɗin koci nagari ba. Zariya shaida ce. Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horaswa a can, hannunsa ya taɓa yara da yawa, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda yake shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin babbar gasar NBA a 2019. Da a ce kowane irin wannan koci yana da mataimaka biyu masu albashi a ƙarƙashinsa, da yau ba a ƙirga masu horaswa a Arewa da yatsu ba.

Abin da Rena ta yi bayan Kigali kowa ya gani. A gasar Olamfik ta 2024 a Faransa ta doke Ostireliya da Kanada, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, kuma ta zaɓe ta gwarzuwar koci. A 2025 ta sake cin kofin Afirka a Abijan. An yi musu ruwan daloli da lambobin girmamawa, kuma sun cancanta. Sai dai jami'o'in Amurka ne suka ɗauki nauyin koyonta, mu muka zo muka ci moriya.

Ga mu 'yan Arewa akwai wani dalili na daban. Iyaye da yawa ba ƙwallon suke ƙi ba, miƙa 'yarsu ga namiji su yi tafiyar kwana da kwanaki ne ba za su iya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mace mataimakiya, mai takardar ɗaukar aiki, wadda uwa za ta iya kira a waya ta ji lafiyar 'yarta, za ta buɗe ƙofar da dogon jawabi bai buɗe ba. Jami'o'inmu na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri kowace tana da sashen wasanni. Gurbin mataimaki ɗaya da mataimakiya ɗaya, a sa su cikin jerin ma'aikata kamar kowa, bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba.